Na Sama, In Ji Yaya

Litinin, 4 ga Mayu

Kwamfutar shago ta mutu yau da safe, a gaban mutum huɗu masu jiran hoton fasfo. Wata uku ina gaya wa Yaya cewa ƙaramin faifan da babbar manhaja take kai yana wata ƙara, kamar ana buga cokali a jikin kofi. Wata uku yana ce mini, "Auta, inji ne, dole ya yi ƙara." To yau ya daina ƙarar.

An gode Allah hotunan ba a kansa suke ba. Suna kan ɗaya faifan, babban: aikin shago na shekara goma sha ɗaya, da tsofaffin hotunan da marigayi Baba ya ɗauka, waɗanda na shekara biyu ina shigar da su kwamfuta ɗaya bayan ɗaya kafin yoyon rufi ya gama da kwalayen.

Aikin ba wani abu ba ne. A sayo sabon faifai, a raba shi, a yi masa fomatin, a girka manhaja. Na yi shi a makarantar koyon kwamfuta ban san sau nawa ba. Na ce gobe zan yi. Yaya ya ce zai kira Farfesa.

Farfesa abokinsa ne tun firamare. Da gyaran rediyo ya fara, ya koma talabijin, yanzu duk abin da yake da waya a jiki nasa ne. Ba wanda ya san jami'ar da ta ba shi sunan.

Na ce, "Yaya, takardar shaidata tana rataye a saman kanka." Ya ce wannan aikin manya ne. Shekarata talatin da takwas.

Talata, 5 ga Mayu

Yau ɗin nan zan rubuta, don na san gobe kowa zai zo da nasa labarin.

Farfesa ya iso wajen sha ɗaya da jakarsa da sabon faifai. Tera biyu, daidai girman na hotuna. Wanda ya sayar masa ya riga ya gwada shi, saboda haka ba a fanko ya zo ba, akwai kaso ɗaya a kai. Ke nan in ka duba a allo, su biyun kamar tagwaye suke, sai ka lura da wurin da ya rage a kowanne.

Ya kwantar da kwamfutar a teburin ɗakin ciki, ya buɗe ta, ya cire mataccen, ya sa sabon. Na ce a zare wayar faifan hotuna tukuna har a gama. Na faɗa. A rubuta cewa na faɗa.

Farfesa ya yi dariya ya ce, "Ƙanwarmu, tun kina rarrafe nake buɗe cikin inji." Yaya ya ce in je gaba, akwai mutane. Na fita.

Bayan kamar minti ashirin na koma ɗauko takardar buga hoto. Allon yana cewa girkawa ta kai kashi talatin da ɗaya. Na tambaya a kan wane faifai. Farfesa ya ce na sama, Yayanki ne ya nuna. Wai ya goge kason da ke kai, ya raba shi biyu, ya yi fomatin, komai tsaf. Yana faɗa yana goge hannu da tsumma kamar wanda ya gama aikin lada.

Na ɗora yatsa a kan sabon faifan. Shiru, sai ɗan ɗumi. Na ɗora a kan na hotuna. Yana ta kiciniya a ƙarƙashin yatsana, rubutu ake yi a kansa.

Na fizge wayar wuta daga bango.

Farfesa ya ce na lalata aiki. Na zare faifan da kaina, na haɗa shi da ƙaramar kwamfutata. Kaso biyu, ɗaya da 'yan tarkacen manhajar da ba ta gama shiga ba, ɗayan wayam. Shekara goma sha ɗaya. Da Baba.

Yaya yana tsaye a bakin ƙofa, hannu a aljihu. Na jira ya ce wani abu. Da ya buɗe baki, abin da ya fito shi ne, "Ai da kin tsaya kin duba."

Ni ɗin da ya kora.

Laraba, 6 ga Mayu

Farfesa yana gaya wa masu shagunan layinmu wai cire wutar da na yi ne ya goge hotunan.

Alhamis, 7 ga Mayu

Da safe Farfesa ya sake zuwa, wai a ba shi faifan ya ƙarasa girkawar, daga baya sai ya "leƙa ciki" ya ga abin da zai samo. Wato ya ƙarasa binnewa sannan ya fara tono. Na ce faifan yana gida, naɗe a tawul, cikin akwatina, kuma makullin yana jikina.

Mama ta tambaye ni da rana, wai abin da aka goge ai ya tafi, me nake ɓoyo. Na yi mata bayani iya yadda zan iya. Fomatin irin na gaggawa ba ya share hotunan kansu, jerin sunayensu da inda kowanne yake zaune ne yake sharewa. Suna nan, ba a dai san ƙofar kowa ba. Sai wurin da aka yi sabon rubutu a kai, wannan kam ya tafi har abada. Shi ya sa na cire wuta, shi ya sa kuma ba mai sake taɓa shi.

Ta saurara har ƙarshe, ta gyaɗa kai, sannan ta ce, "Ko ma mene ne, yayanki ne. Ki rage ɗaga masa murya a gaban baƙi."

Ban ɗaga murya ba. Ban ma yi magana ba. Waya na fizge.

Da ƙaramar kwamfutata muke buga fasfo yanzu. Babbar tana ɗakin ciki, ciki a buɗe, sukurorinta a murfin kwalba. Ba zan taɓa ta ba. Wanda ya fara ya ƙarasa. Yaya ya kasa kiran Farfesa, ya kuma kasa ce mini in yi. Sai mu ga wanda zai gaji.

Juma'a, 8 ga Mayu

Matar mai gyaran agogo ta zo. Mijinta shi ne na tsallaken titi, wanda ya rasu a watan Maris. Shekara biyu da suka wuce sun zo su biyu an ɗauke su tare, ta ce shi kaɗai ne hoton da ya taɓa yarda ya zauna aka ɗauka tun na aurensu. Wanda aka wanke musu 'yarsu ta tafi da shi, ya kuma ɓace a wajen ƙaura. Tana son babba, wanda za ta sa a firam.

Tana fara magana Yaya ya tuna yana da abin yi a ɗakin ciki. Ɗakin da ba komai sai kwamfuta mai buɗaɗɗen ciki.

Ni ya bari da ita. Ta zauna a kujerar masu jira, jaka a cinya, tana ce mini, "'Yata, ba gaggawa, na san kuna ajiye komai." Baba ne ya koya wa unguwar nan wannan maganar, muna ajiye komai.

Na ce ta ba ni mako biyu. Ban san me ya sa na ce biyu ba.

Da ta tafi na leƙa ciki. Yana zaune yana goge ruwan tabarau na kyamara da ya riga ya goge da safe. Na ce, "Ta tafi, kana iya fitowa." Bai ɗago ba.

Asabar, 9 ga Mayu

Na tarar da leda a kan teburina. Faifan waje, na ajiya, sabo a kwalinsa. Ba takarda, ba magana.

Shekara biyu ina roƙon a sayi wannan abin don mu riƙa ajiye kwafi na biyu. Shekara biyu ana ce mini "wata mai zuwa". Yau da aka gama ɓarna ya zo a leda. Da na ga dama da na mayar wa Yaya, sai dai ina bukatarsa, don abin da za a tono dole a zuba shi wani wuri dabam, ba a kan faifan da ya ji ciwo ba.

Na kawo komai gida. Na haɗa faifan biyu da ƙaramar kwamfutata a kan teburin ɗinkin Mama, na saki manhajar tono. Ta ce awa talatin da ɗaya. Na manna takarda a jikin soket: KADA A CIRE. Mama ta ce ai ta iya karatu, ba sai da manyan baƙaƙe ba.

Lahadi, 10 ga Mayu

Kashi sittin da huɗu. Wuta ba ta ɗauke ba. Ban fita ko ƙofar gida ba.

Litinin, 11 ga Mayu

Ta gama. Fayil dubu ɗari biyu da goma sha huɗu. Ba folda, ba sunan kowa, ba "Auren wane" ko "Yaye ɗaliban makarantar kaza" kamar yadda na tsara su da hannuna. Lambobi kawai. Duk mutanen unguwa a zube wuri ɗaya, jariri kusa da ɗan takara, amarya kusa da hoton motar da ta yi haɗari.

Amma sun dawo, yawancinsu.

Na Baba ne ba su dawo ba. Su na fara zubawa a faifan lokacin yana sabo, saboda haka suna can farko, daidai inda girkawar ta zauna. Cikin kusan dubu uku, ɗari takwas da 'yan kai na samu. Akwai wanda aka ɗauke shi a ƙofar shago ranar da ya buɗe shi. Ya buɗu daga sama: allon shago, hularsa, goshinsa. Daga gira zuwa ƙasa toka ce zalla.

Na shiga banɗaki na buɗe famfo don kada Mama ta ji.

Minti ashirin. Da na ƙara minti goma a gaba ina hira da masu fasfo, da har na shekarun farko sun bi su.

Laraba, 13 ga Mayu

Farfesa ya zo da lemo a leda. Ban haƙuri ne, amma irin nasa: wai injinan yanzu ba su da amana, wai ko a manyan kamfanoni ana samun haka. Na bar shi ya gama. Na ce ya fara zuwa ya gyara labarin da ya baza a layi.

Ya sosa ƙeya ya ce zai gyara. Da zai fita ya tsaya ya ce, "Amma ƙanwarmu, sau biyu na tambaye shi. Ya kai fuskarsa har jikin gilashin allo ya duba, ya ce na sama. Mai kaya ya nuna kayansa, ni me zan ce?"

Ka ce bari in duba wurin da ya rage a kowanne, abin da za ka ce ke nan. Yana nan rubuce a gefe, ɗaya kusan cike, ɗaya ba komai. Mutum biyu, ido huɗu.

Lemon na da zaƙi, abin haushi.

Alhamis, 14 ga Mayu

Kyamara tana ɓoye ranar ɗauka a cikin kowane hoto, don haka na sa kwamfuta ta jera su wata-wata. Ya rage wahala. Duk da haka shekarar da nake nema kaɗai hoto dubu ashirin da wani abu ne, kuma matar ba ta tuna watan ba. Wai lokacin ana zafi. Yaushe ne ba a zafi a ɗakin ɗaukar hotonmu?

Idona ya yi ja. Yaya yana wucewa ta bayana yana rage tafiya, ba ya tsayawa.

Juma'a, 15 ga Mayu

Akwai abin da ban gane ba jiya, yau na gane, kuma ban san inda zan ajiye shi ba.

Manhajar tono ba ta san wanda aka goge ranar Talata da wanda aka goge da gangan tun tuni ba. Duk ta kwaso. Har da waɗanda Yaya yake gogewa da kansa kafin ya miƙo mini aiki.

Shekarun baya, kowane mutum hoto biyu ne, da wuya uku. Abin alfaharinsa ke nan, yakan ce mai ɗauka goma bai san abin da yake nema ba. Daga tsakiyar bara abin ya canza. Mutum ɗaya, sha biyar, ashirin. Fuska dishi-dishi, labulen baya ne ya fito tas. An yanke saman kai. Wata yarinya mai rigar makaranta sau ashirin da uku, a na ƙarshen ta gaji har ta daina murmushi, kuma shi ne ya fito daidai. Shi kaɗai ya ba ni. Sauran ya goge.

Sai abubuwa suka riƙa zuwa mini. Yadda yake miƙo mini wayarsa, "Karanta mini saƙon nan, hannuna da maiƙo." Yadda ya mayar da kyamara kan saitin da take nemo fuska da kanta, shi da yake kiran wannan saitin na malalata. Babur ɗin da ya daina hawa, ya ce ya gaji da shi.

Ya kai fuskarsa har jikin gilashi, in ji Farfesa.

Shekara guda. Tebur ɗaya muke aiki, ya ɓoye mini shekara guda. Wannan ya fi goge faifan ba ni haushi.

Asabar, 16 ga Mayu

Bayan mun rufe gaban shago da rana na kira shi ɗakin ciki. Na buɗe hotunan yarinyar, duka ashirin da ukun a jere, na ce ya zaɓar mini wanda ya fi kyau.

Ya matso. Ya ƙara matsowa. Ya ce duk sun yi.

Na ce, "Yaya, guda nawa ne a allon?"

Ya ja kujera ya zauna, ya ce in rufe ƙofa, duk da ba kowa a shagon.

Ba zan iya kawo maganar duka ba. Ya ce tun bara yake gani kamar ta cikin gilashin da aka yi wa huci. Idon dama ya fi. Ya sayi tabarau a kasuwa har kala uku, suna cikin durowa ƙarƙashin takardu. Ranar Talata layi biyu ya gani fari-fari, ba harafi ɗaya da ya iya karantawa. Ya yi tunanin sabo ai shi zai zo a sama.

Na ce me ya hana shi kirana, taku biyar ne tsakaninmu.

Ya ce, "A gaban abokina in ce ƙanwata ta zo ta karanta mini? Bayan ni na ce ki fita?"

Na ce to me ya sa tun farko ya ce in fita, me ya sa ya kira Farfesa. Ya ce don in ni ce zan yi, zan ce ya zauna ya gani, zan riƙa nuna masa allo ina tambayarsa, kuma ni ba a ɓoye mini abu. Farfesa kuwa ba ya lura da kowa sai kansa.

A nan na ɗaga murya, wannan karon da gaske. Na ce saboda kunyarsa Baba ya koma rabin goshi. Na faɗi wasu ma da ba zan rubuta ba. Bai kare kansa ba, wannan ya ƙara ƙona mini rai, don na shirya faɗa.

Da na yi shiru ya ce, "Auta, mai hoto in ba ido, mene ne shi?" Sannan ya ce kada in gaya wa Mama.

Ban yi alkawari ba.

Lahadi, 17 ga Mayu

Na koma na karanta abin da na rubuta ranar biyar ga wata. "Na faɗa. A rubuta cewa na faɗa."

Na faɗa, gaskiya ne. Sau ɗaya, a hankali, ina riga na juya baya. Da Farfesa ya yi dariya ina iya sa hannu in zare wayar da kaina, daƙiƙa biyu ne, ba wanda zai riƙe ni. Na gan ta, ja ce, tana nan a jone. Na fita ina cewa a raina, bari su yi, in sun kakare za su neme ni.

Ban so a goge komai ba. Na dai so su ɗan ji kunya.

Wannan ba zai fita daga littafin nan ba. Kuma bai wanke kowa ba.

Talata, 19 ga Mayu

Saura kwana uku a mako biyun da na ɗauka. Na kai watan Yuli ban ga mai agogo ba. Dole ta sa na tambayi Yaya ko ya tuna wani abu.

Bai ko yi tunani ba. Ya ce makon da muka canza labulen baya daga shuɗi zuwa ruwan toka ne, don mai agogo shi ne na biyu da ya zauna a gaban sabon, har ya ce launin ya yi kama da cikin asibiti. Ya ce da riga mai ruwan ƙasa ya zo, gilashin aikinsa rataye a wuya, matar ta yi ta fama ya cire ya ƙi.

Na nemi inda shuɗi ya ƙare. Oktoba. Hoto na uku bayan nan, ga su. Riga mai ruwan ƙasa, gilashi a wuya. Lafiya lau, ba toka ko ɗigo.

Na ce na samu. Ya ce, "Hasken gefen hagu ya ɗan yi yawa, ki rage." Daga inda yake zaune ba ya ganin allon. Na duba. Ya yi yawa.

Mun ci gaba har la'asar, ni ina faɗin abin da ke cikin hoto, shi yana faɗin ko su wane ne da abin da ya kawo su. Folda arba'in muka mayar wa sunayensu. Ba sulhu ba ne, aiki ne.

Alhamis, 21 ga Mayu

Ta zo ta karɓa. Ta riƙe firam ɗin da hannu biyu ta daɗe tana kallo. Ba ta yi kuka ba. Ta ce, "Kin ga taurin kan nan, har a hoto." Ta shafa gilashin da gefen mayafinta, ta yi wa Baba addu'a, ta yi mana.

Yaya bai gudu ciki ba yau. Shi ya raka ta har bakin titi.

Asabar, 23 ga Mayu

Na gyara kwamfutar. Ba don kowa ya roƙe ni ba, ƙaramar ce ta fara zafi.

Na zare komai, sabon faifan kaɗai na bari a ciki. Na sa filashin manhaja, na kunna. Da aka zo wurin zaɓar faifai, layi ɗaya ne tak a allon, ba na sama ba na ƙasa. Duk da haka na karanta shi da ƙarfi, girmansa da wurin da ya rage, don Yaya ya ja kujera ya zauna kusa da ni ba tare da an gayyace shi ba.

Na goge kason da mai sayarwa ya bari. Na raba uku: giga ɗari biyu na manhaja ita kaɗai, don ko ta lalace gobe a sake ta ba a taɓa hoto ba, ɗari biyar na aikin da ke hannu, sauran na ajiya. Da gargaɗin ya fito, cewa duk abin da ke kai zai tafi, na karanta shi tun daga farko har ƙarshe. Na ce, "An yarda?" Ya ce, "Ke kika sani." Na ce ba haka na tambaya ba. Ya ce an yarda. Na danna.

Farfesa ya faɗo ana tsakiyar girkawa. Ya tsaya a bayanmu, hannu a baya, ya ce shi ma haka yake yi kullum, ranar ce dai aka samu akasi. Amma na gan shi yana rubuta lambobin a bayan katin waya.

Kafin la'asar ta tashi. Na sa wa kowane kaso suna, na ƙara girman rubutun allo har ya yi muni. Duk Juma'a za a kwafi komai zuwa faifan waje, shi kuma a gida zai riƙa kwana. Tsohon faifan na mayar da shi tawul. Wataƙila wata rana a sami mai kayan aikin da ya fi nawa.

Litinin, 25 ga Mayu

Na gaya wa Mama. Ta ce ta sani tun ranar da ya zuba mata gishiri a shayi. Gidan nan kowa ya iya shiru sai a kaina.

Laraba, 27 ga Mayu

Asibitin ido. Na ce masa ina da saƙo a wajen, shi ya sa zan bi shi. Bai tambayi wane saƙo ba.

Awa uku a kan benci. Yanar ido ce, farin nan mai rufe gani, a ido biyun, ta dama ta fi kauri. Likitar ta ce ana cirewa, aikin ba ya kai awa guda, kuma da ya zo tun bara da bai sha wannan wahalar ba. Na kalle shi don ya ji da kyau. Sun ba shi sha shida ga Yuni, na dama tukuna.

Kafin nan ni zan riƙa ɗauka. Wai zai nuna mini saitin fitilu, wai ina sa su kamar mai neman allura a ƙasa. Za mu gani.

Ma'aikaciyar da ke cike takarda ta tambaye shi wace ce ni, ko za a rubuta ni a matsayin mai kula da shi. Ya ce, "Ƙanwata ce. Ita ke riƙe da shagon." Ban ɗago ba. Ina neman biro a jaka ne.

Har yanzu ban huce ba, na duba, fushin yana nan. Hotunan Baba dubu biyu ba su dawo ba don an sa ranar aiki.

Da za mu sauko na riƙe masa gwiwar hannu har ƙasa, bai janye ba. Matakalar ce ba ta da haske, shi ke nan.